Yaran da Hollywood ta ƙara wa shekaru

A watan Afrilun 2006 aka saki fim ɗin Take the Lead a Amurka. Antonio Banderas ne ya fito a matsayin Pierre Dulaine, malamin rawar Turawa irin wadda namiji da mace ke yi riƙe da juna, wanda ya kai kansa wata sakandaren gwamnati a New York don ya koya wa kangararrun ɗalibai rawa. Masu sharhin finafinai ba su raga masa ba. A shafin Rotten Tomatoes mai tattara ra'ayoyinsu, waɗanda suka yaba ba su kai rabi ba. Kokensu kusan iri ɗaya ne: wai tsohuwar miya ce aka ɗumama. Baƙon malami ya shigo, yara sun raina shi, ya yi haƙuri, sun shiryu, an tafi gasa. An ga haka a To Sir, with Love na Sidney Poitier tun 1967, an sake gani a Stand and Deliver a 1988, ga kuma Dangerous Minds a 1995.

Ba ƙarya suka yi ba, amma wannan suka ba ta da nauyi a wurina. Sanin inda labari zai ƙare bai taɓa hana mutum kallo ba. 'Yan kallo ma ba su saurari masu sharhin ba, domin fim ɗin ya kawo sama da dala miliyan 60 a duniya. Roger Ebert, wanda ya fi yawancinsu suna, taurari uku cikin huɗu ya ba shi, kuma Banderas ya cancanci yabo. Ya taka rawar mutum mai ladabin da har yana ba da dariya, mai miƙewa tsaye ya buɗe wa mata ƙofa a ofishin makaranta alhali kowa na kallonsa kamar ya faɗo daga sama.

Laifin fim ɗin yana wani wuri dabam. Dulaine mutum ne na gaske, kuma shirinsa mai suna Dancing Classrooms, wanda ya fara a 1994 a makarantun gwamnati na New York, da 'yan aji biyar na firamare ya yi suna, yara masu shekara goma zuwa sha ɗaya. Darasi ashirin ne a cikin mako goma. Yaro yana koyon ya tsaya a miƙe, ya kalli abokiyar rawarsa a ido, ya nemi izini kafin ya kama hannunta, ya raka ta wurin zamanta in an gama. Shekara guda kafin fim ɗin Banderas, Marilyn Agrelo ta fitar da Mad Hot Ballroom, inda ta bi irin waɗannan yara da kyamara a makarantu uku, a unguwannin Tribeca da Bensonhurst da Washington Heights, kuma masu sharhi sun karɓe shi hannu bibbiyu.

To me masu Take the Lead suka yi? Sun ɗauke 'yan firamaren, sun sa matasa 'yan sakandare da aka tsare a ɗakin horo na ƙarƙashin ƙasa. Sun ba wannan uba mashayi, sun ba waccan uwa mai zaman kanta, sun kashe wa kowannensu ɗan'uwa a rikicin 'yan daba, sannan suka sa Dulaine ya fara haɗuwa da Rock, ɗaya daga cikin ɗaliban, yana farfasa motar shugabar makaranta. Ma'ana, yaro baƙar fata ko ɗan asalin Latin Amurka bai isa a yi fim a kansa ba sai an rataya masa laifi. Kuma hakan ya juya hikimar mutumin. Shi abin da ya gane shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, fim ɗin kuwa yana so mu yarda cewa 'yan makonni na tango sun isa su warware abin da talauci da watsi suka ɗaure shekara goma sha bakwai. Duk gwamnatin da ba ta son kashe kuɗi a makarantu za ta so wannan labari, tun da ya nuna mata cewa mutum ɗaya mai kirki, wanda ba ya karɓar albashi, ya wadatar.

Na san mai karatu a nan zai ce wannan rawa ba tamu ba ce, kuma haka ne. Rawa da waƙa tsakanin maza da mata ta daɗe tana haɗa 'yan Kannywood da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. Ba rawar nake tallata wa kowa ba. Amma wuri mafi ƙarfi a fim ɗin shi ne inda Dulaine ya tsaya gaban iyaye da malamai yana bayyana cewa abin da yake koyarwa shi ne namiji ya san darajar mace, ita kuma ta san darajar kanta. Minti kaɗan aka ba wannan magana, aka koma gasa mai kyautar dala 5,000 da kiɗan hip-hop.

Tarihin Dulaine kansa ya fi duk abin da suka ƙirƙira. A Jaffa aka haife shi a 1944, mahaifiyarsa Bafalasɗiniya, mahaifinsa ɗan Ayalan. Iyalinsa sun bar garin a 1948, suka zauna a Amman, daga baya suka koma Birmingham a Ingila, inda ya fara koyon rawa. Da ya tsufa sai ya koma Jaffa ya haɗa yaran Falasɗinawa da na Yahudawa a darasi ɗaya, wasu da farko suna ƙin ko taɓa hannun juna. Hilla Medalia ta ɗauki wannan a fim ɗin Dancing in Jaffa na 2013, kuma shi nake ba mai karatu shawara ya nema kafin na Banderas.