Motar da Ta Faɗi Gwaji a Birni, Ƙauye Take Komawa

A ƙasar nan mota ba ta cika mutuwa ba, ubangida take sauyawa. Idan jami'in VIO ya duba mota a Kano ya ce birkinta ba ya kamawa, sitiyari na wasa, shasi ya tsage, nufin doka shi ne kada ta sake hawa titi sai an gyara. Abin da aka saba gani kuwa, mai ita ya kira dillali, a wanke ta, a watsa mata fenti, ta kama hanyar Bunkure ta yi kudu. Kafin wata ya kewayo ta zama motar haya tsakanin Rano da Kibiya: buhunan masara a but, mutum huɗu a baya, biyu a kujerar gaba. Gwajin ya kore ta daga titin da ake sa ido zuwa titin da ba mai dubawa.

Wannan zango ne na ƙarshe a wata doguwar tafiya. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka aka kawo su. A Ingila duk motar da ta haura shekara uku sai an gwada ta kowace shekara, kuma da zarar kuɗin gyara ya fi ƙimar motar, mai ita yakan rabu da ita. Golf 3 ɗin da ta cika tashoshinmu tun kafin shekarar 2000 aka daina ƙera irinta, wato ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25. Mukan yi ƙorafin cewa Turai ta mai da mu juji, alhali abin da take yi mana shi ne birni yake yi wa ƙauye.

Kuma a ƙauyen ne aibin mota ya fi kisa. Mutum biyar aka ƙera wa Golf, don haka idan ta ɗauki bakwai da buhuna, birkin da ya gaza tsayar da ita ba kaya ba zai tsayar da ita da lodi ba. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da mota take buƙata kafin ta tsaya ninkawa take yi sau huɗu. Ga hanyoyin burji da damina ke zaizayewa, ga shanu da babura ranar kasuwa. Idan tsautsayi ya auku, mai mummunar karaya ko bugun kai sai an ɗauke shi zuwa Kano, asibitin Murtala ko na ƙashi da ke Dala, jini na zuba a hanya. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988, an kafa KAROTA a 2012, amma ƙarfinsu a birni da manyan tituna yake.

Akwai uzurin da ba za a raina ba. Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, mota mai lafiya ta fi ƙarfin direban ƙauye. Matar da naƙuda ta kama cikin dare a wani ƙauyen Kibiya ba takardar gwaji za ta tambaya ba, abin da zai kai ta asibitin Rano take nema. Wanda duk ya ce a kawar da tsofaffin motoci baki ɗaya bai san rayuwar karkara ba.

Sai dai tsufa daban, lalacewa daban. Motar da ta faɗi gwaji saboda taya ta suɗe, ko fitila ta mutu, ko birki ya cinye, gyara take so. A gyara, a mayar a sake gwadawa, a sayar wa duk wanda aka ga dama. Amma wadda tsatsa ta cinye mata shasi, ko wadda ta taɓa rabewa a hatsari mai walda ya haɗa, ta gama aiki. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan kai mai albashi ka lissafa kuɗin gyara na gaskiya ka ga ya fi ƙarfinka, wanda zai saye ta a Rano bai fi ka hali ba. Ba zai gyara ba, lallaɓawa zai yi da waya da roba.

Wani zai ce ai ya gaya wa mai saye aibinta, ya sauke nauyi. Gaskiya ne fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, tun daga Risala, ya hana ɓoye aibi a ciniki, ya kuma bai wa wanda aka ɓoye wa damar mayar da kaya. To amma cinikin motar haya ba ya tsayawa kan mutum biyu. Fasinjan da zai biya kuɗin mota bai halarci cinikin ba, ba wanda ya nuna masa shasi. Yardar direba ba ta isa ta halatta jefa rayukan wasu cikin hatsari ba.

Jingine ta a ƙofar gida bisa duwatsu ma ba mafita ba ce, domin kullum ƙimarta raguwa take yi, ruwan sama na kwanciya a tayoyi sauro na haihuwa. Hanyar da ta dace ita ce a wargaza ta. Kasuwar Ƙofar Ruwa ta daɗe tana wannan sana'a: inji, giya, ƙofofi da gilasai kowanne da mai nemansa, gangar jikin kuma 'yan gwangwan su auna a kilo, ta tafi masana'antar narkar da ƙarfe. Mai motar ya tabbatar sassan da suka kayar da ita a gwaji sun bi gwangwan, don kada su koma jikin wata motar. Ya cire lambarsa, ya riƙe takardunsa, a rubuta yarjejeniya ɗauke da lambar shasi a gaban shaidu, domin muddin rajistar na sunansa, shi 'yan sanda za su nema idan aka aikata laifi da ita. Batir kuwa dalma ce a cikinsa, kuma yara sama da 400 da gubar dalmar ma'adinai ta kashe a Zamfara a 2010 sun isa shaida kan abin da take yi wa jikin yaro. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a zubar da baƙin mai kusa da rijiya.

Gwamnati ma da nata rabon. A 2009 Jamus ta riƙa ba da Yuro 2,500 ga wanda ya miƙa tsohuwar motarsa aka rushe ya sayi sabuwa. Kano ba ta da irin wannan kuɗi, amma akwai abin da ba ya cin kuɗi sosai. A riƙa rubuta sakamakon gwaji a kan lambar shasi, ta yadda motar da ta faɗi a birni ba za ta sabunta takardu a wani ofishi ba. A samar da takardar shaidar rushe mota wadda za ta cire sunan mai ita daga rajista, kamar yadda dokar Tarayyar Turai ta 2000 ta tanada. A haɗa kai da shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Rano da Kibiya, domin sun fi kowane jami'i sanin motar da bai kamata ta yi lodi ba. Direban da aka karɓe wa mota kuma a ba shi hanyar samun wata a biya sannu a hankali, in ba haka ba yunwa za ta mayar da shi kan gwangwanin da aka raba shi da shi.

Kafin gwamnati ta motsa, hukuncin yana hannun mai makulli. Dillali zai fi 'yan gwangwan tayi, babu shakka. Wannan bambancin kuɗin kuwa, wani ne zai biya shi da jikinsa a kan hanyar Kibiya.