Hayin Banki da Sakatariyar Magajin Gari

Mutumin Hayin Banki ya fi sanin hanyar tashar Kawo fiye da hanyar sakatariyar ƙaramar hukuma da ke Magajin Gari, alhali a sakatariyar ne ake yanke hukunci kan kwatar ƙofar gidansa. Mazaɓarsa ɗaya ce daga cikin 12 na ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, ƙaramar hukumar da ƙasarta ba ta da faɗi amma ƙidayar 2006 ta samu mutum sama da 350,000 a cikinta, kuma tun lokacin gidaje sai ƙaruwa suke yi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka yanka birni ɗaya gida huɗu: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Chikun. Ruwan damina bai san iyaka ba, haka ma juji, haka ma ɗan makarantar da ke kwana a Igabi ya yi karatu a Kawo. A 2021 gwamnatin jiha ta kafa hukumar kula da babban birnin don ɗinke wannan ɓaraka, sai dai shugabanta naɗa shi aka yi, ba zaɓensa aka yi ba, talaka kuwa kansila yake iya tarewa a bakin masallaci. Tun da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 su riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, ina ganin haƙƙin mutanen Hayin Banki ne a liƙa musu kason mazaɓarsu a bangon makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi, da sunan kowane aiki da kuɗinsa.