RA'AYINMU: Mu Ma Mu Tambaye Su Wane Gem Suke Bugawa

Duk malamin da ya taɓa gittawa ta gindin darbejiyar da ɗaliban babbar sakandare ke taruwa a lokacin tara, ya san hirar da ta fi cin kasuwa a tsakaninsu a 'yan shekarun nan. Wannan ya ce shi Free Fire yake bugawa, wancan ya ce ai ya daɗe da komawa Call of Duty, na uku kuma ya kawo labarin yadda ya lallasa wani a eFootball a gidan gem na bakin kasuwa. 'Yan mata su ma suna da tasu hirar, ta Candy Crush da Ludo King a wayoyin iyayensu mata. Tambaya ɗaya ce ke zagayawa daga baki zuwa baki: "Wane gem kake bugawa yanzu?" Amma da zarar malami ya matso, sai kowa ya ja bakinsa ya tsuke.

Wannan shirun shi ne abin da ya dame mu. A zaman wakilan makarantu da reshenmu ya yi a ƙarshen zangon da ya gabata, koke uku suka yi ta maimaituwa. Akwai yaran da ke gyangyaɗi tun a darasin farko. Akwai kuɗin tara, wani lokaci har da kuɗin littafi, da ke ƙarewa a sayen data. Na ukun ya fi tayar da hankali, domin wani ɗan'uwanmu ya karɓe waya a hannun ɗalibi ya ajiye a durowar teburinsa, wayar ta ɓace, uban yaron kuma ya zo makaranta da ɗan sanda. Da aka tambayi mahalarta zaman ko wa zai iya bayyana yadda ake buga ɗaya daga cikin wasannin da ake kuka da su, hannayen da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ashe mun daɗe muna yaƙi da abin da ba mu san kamanninsa ba.

Wasannin nan kuwa ba iri ɗaya ba ne, illarsu ma ba ɗaya ba ce. Free Fire, wanda kamfanin Garena na ƙasar Singafo ya fitar a shekarar 2017, yakan jefa mutum hamsin a tsibiri guda, su yi ta harbin juna har a bar gwani ɗaya ko tawaga ɗaya, kuma zagaye guda bai cika wuce minti goma ba. Ƙaramar waya ma tana ɗaukarsa, abin da ya sa ya bazu a unguwanninmu ke nan. Kyauta ake sauke shi, amma a ciki ake sayar da abin da yara ke kira dayamon, wanda da shi ake sayen tufafi da adon makamai na ƙure tsara. Shi kuwa eFootball na kamfanin Konami na Japan, wanda aka sani da PES kafin a sauya masa suna a 2021, ƙwallon ƙafa ne. Yaron da ya buga ƙwallo a gidan gem yana ganin abokin karawarsa ido da ido, kuma idan kuɗinsa ya ƙare dole ya miƙe. Wanda ke kwance da waya cikin bargo da ƙarfe ɗayan dare, yana magana ta murya da mutumin da bai san sunansa ko shekarunsa ba, ba shi da mai tashinsa sai mutuwar caji. Akwai kuma wasannin da ke sayar da akwatin sa'a, a biya kuɗi ba tare da sanin abin da zai fito ba. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke tun a 2018 cewa irin wannan ciniki caca ne. Malamin da ya haɗa waɗannan duka ya kira su "wasan banza" ba zai gane wane ɗalibi ne ke buƙatar nasiha, wane ne kuma ke buƙatar a kira mahaifinsa yau ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da jarabar wasannin bidiyo cikin kundinta na rabe-raben cututtuka, wanda aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a watan Janairun 2022. Alamomin da ta zayyana uku ne: mutum ya kasa iko da lokacin da yake ba wasan, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, a bisa al'ada na tsawon akalla wata 12. Hukumar ta kuma bayyana cewa kaɗan ne daga cikin masu wasan ke kaiwa wannan matsayi. Saboda haka ba mu da hujjar ɗaukar duk yaron da ke riƙe da waya a matsayin majinyaci, kamar yadda ba mu da uzurin kawar da kai daga ɗan ƙalilan ɗin da wasan ya fara cinye musu barci da karatu da salla.

Wasu 'yan'uwa sun kawo misalin ƙasar Sin, wadda a watan Agustan 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Wannan doka ta dogara ne a kan rajistar kowane mai wasa da sunansa na gaskiya. A nan kuwa yaro da wayar yayansa ko ta mahaifiyarsa yake wasa, da layin da ba sunansa ke kai ba. Shingen da muke da shi bai wuce uwa da uba da malami ba, kuma shingen da bai san ta inda ake tsallake shi ba, sunansa kawai shinge.

Gaskiya ɗaya ce, mu ma da namu laifin. Mu da muka tashi da langa da dara da ƙwallon tsumma mun samu fili, mun samu lokaci. Yau filayen makarantu da yawa an yanka su an yi shaguna ko ƙarin azuzuwa, darasin motsa jiki shi ne na farko da ake sadaukarwa idan jarrabawa ta ƙarato, rashin tsaro kuma ya sa iyaye da dama sun fi samun kwanciyar hankali idan yaro na ɗaki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada kuma mu manta cewa ɗalibai na leƙo ofishin malamai, suna kuma ganin wanda ya duƙufa a kan Ludo a wayarsa alhali ajinsa na jiransa.

Shawararmu ga kowane malamin aji ita ce ya ari tambayar nan daga bakin ɗalibansa, ya yi ta da sakin fuska, ba da bulala a hannu ba. Idan yaro ya faɗi sunan wasan, sai a bi shi da wasu uku: da wa kake bugawa, ƙarfe nawa kake ajiyewa, kuma nawa kake kashewa? A cikin amsoshin nan malami zai ji labarin barcin yaron, da aljihunsa, da irin mutanen da ke yi masa magana a kunne. Ko a ajin da ya haura ɗalibi ɗari ana iya yin haka. Malamin Hausa ko na Ingilishi zai iya ba da jigon insha'i a kan wasan da ɗalibi ya fi so da dalilinsa, zai kuma sha mamakin yadda wanda bai taɓa cika rabin shafi ba zai cika biyu. Malamin lissafi zai iya sa kowa ya ƙididdige abin da data ta ci masa a zango guda, ya kwatanta da kuɗin rajistar jarrabawa. Tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB baki ɗaya, don haka sabon da yaranmu suka yi da na'ura jari ne, in an samu mai juya shi zuwa ga karatu.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin malami shi kaɗai. Muna kira ga hukumomin ilimi da su fitar da rubutacciyar ƙa'ida guda a kan waya a makarantu, wadda za ta fayyace wanda ke da ikon karɓa, da inda za a ajiye, da ranar da za a mayar. Kafin hakan ta samu, muna jan hankalin 'yan ƙungiya da kada kowa ya ajiye wayar ɗalibi a aljihunsa ko a durowarsa, balle ya fasa ta. A kai ta ofishin shugaban makaranta nan take, a rubuta a littafi gaban shaida, uba ko mariƙin yaro ya zo ya sa hannu ya karɓa. Albashin malami bai kai ya riƙa biyan wayar da bai ci ba bai sha ba, mutuncinsa kuma ya fi ƙarfin a ja shi ofishin 'yan sanda a gaban ɗalibansa.

Muna roƙon ƙungiyoyin iyaye da malamai su sa wannan batu a zamansu na farkon zango, su kuma yi shawara a kan abu mai sauƙi guda: waya ta kwana a ɗakin iyaye. Muna roƙon masu unguwanni su zauna da masu gidajen gem, waɗanda su ma neman halaliyarsu suke yi, a yi yarjejeniyar cewa ba za a karɓi yaro mai kayan makaranta a lokacin darasi ba. Shugabannin makarantu kuma su mayar da darasin motsa jiki gurbinsa, su kare ragowar filin da ya saura.

Reshe zai ware lokaci a zaman wakilai mai zuwa domin jin abin da kowace makaranta ta gano, kuma muna fatan matasan malamanmu da suka san waɗannan wasanni za su zo su koya wa iyayen gidansu ba tare da jin nauyi ba. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar da aka ɗora mana.