Hadarin da ke wuce Gehuru shi ke zama mahaukaciyar guguwa a Amurka

1/ Duk sanda na ga bidiyon mahaukaciyar guguwa tana yaye rufin gidaje a Amurka, sai in tuna fadamarmu ta Gehuru a ƙasar Jega. Akwai dangantaka tsakaninsu, kuma akwai darasi. Ku biyo ni a hankali.

2/ Kowane manomi a nan ya san hadarin damina daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Tsoffinmu ba su yi ƙarya ba. Zafin Sahara a arewa da iska mai laima daga teku a kudu su ke haɗuwa su haifar da wani motsin iska mai tafiya yamma, duk kwana uku zuwa biyar.

3/ Wannan motsin shi ke tara gajimare tun daga wajen Sudan da Chadi, ya ratso Nijar da Arewa, ya zuba mana ruwa a Jega da Aliero da Maiyama, ya wuce Mali har gaɓar Senegal. Daga nan sai Tekun Atlantika.

4/ A teku ne yake canza hali. In zafin ruwan ya kai maki 26 da rabi, tururi ya yi ta tashi yana ba hadarin ƙarfi, juyawar duniya kuma ta sa shi jujjuyawa. Da iskar ta kai gudun kilomita 119 a awa, ya zama mahaukaciyar guguwa.

5/ Shi ya sa ba ta yi mana nan: ba mu da teku, kuma iska yamma take kai ta. Amma mafi yawan manyan guguwoyin Atlantika daga Afirka suke farawa. Irma ta 2017 ta bar gaɓarmu a ƙarshen Agusta, ta ragargaza tsibirin Barbuda, ta faɗa Florida ran 10 ga Satumba.

6/ To ga abin da ke cin raina. Tun hadarin yana bakin Senegal, cibiyar lura da guguwa da ke Miami ta sa masa ido ta tauraron ɗan'adam. Kwanaki kafin ya iso an gaya wa mutane su tashi. Dukiya ta salwanta, amma miliyoyi sun tsira da ransu.

7/ Mu kuma da ya fara ratsawa ta kanmu, sai dai mu duba sama mu ce yau akwai ruwa. Namu bala'in ba iskar teku ba ce, ambaliya ce, da iskar farkon damina mai kwashe kwanon ɗaki.

8/ Ku tuna Satumbar 2020. Ruwa ya cinye kimanin kadada 450,000 ta shinkafa a jihar Kebbi. Gonar Baba na ciki. Shinkafa ta fara kai, saura makonni a yanke. Da kwalekwale muka bi ta kanta. Bashin taki kuwa ruwa bai tafi da shi ba, sai da aka sayar da sa.

9/ Kuma asarar ba ta tsaya kan manomi ba. Mai injin casa ya zauna, ɗan dako ya rasa aiki, mai mota babu lodi, tiyar shinkafa ta tashi a kasuwar Jega har zuwa Legas. Wanda ya so shiga noman albasa na rani babu jari.

10/ Na san abin da za a ce: ƙaddara ce. Na yarda, babu mai tare ruwan sama. Amma jin labari da wuri bai saɓa wa tawakkali ba. Da Baba ya san shekarar ruwa ce, da ya raba irinsa, rabi fadama rabi tudu.

11/ Kuma hasashen yana nan. NiMet na fitar da na damina a farkon kowace shekara, NIHSA na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa. Tambayar ita ce: su wa ke ɗaukar shi daga takarda su kai kunnen mai fartanya?

12/ A nan na fi ganin laifinmu, mu 'yan boko masu wayoyi. Ni kaina a 2020 ina da data, ina gardamar ƙwallo, ban taɓa buɗe hasashen ba.

13/ Shawarata uku. Ɗaya: ɗaliban jami'ar Aliero su riƙa fassara hasashen da Hausa, saƙon murya na minti biyu a WhatsApp. Biyu: a kai wa hakimai da masu unguwanni, a yi shela bayan Juma'a.

14/ Uku: duk bashin noma da za a ba manomin fadama ya zo da inshora da aka yi masa bayaninta da harshensa, ya san inda zai je in ruwa ya ci gona.

15/ An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Bana na yi wa Baba alkawari zan karanta masa hasashen kafin ya zuba iri. Kai wa za ka karanta wa? Allah Ya ba mu damina mai albarka.