Albashin Matarka Ba Naka Ba Ne

Akwai wani nau'in zalunci a gidajenmu wanda ba ya barin tabo a jiki, shi ya sa ba kasafai ake kai ƙararsa ba. Za ka ga malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya ta yi wata guda tana fama, amma katin cirar kuɗinta yana aljihun maigida, sai abin da ya ga dama ya yaga mata. Wata kuwa da ta kwashi adashi, ko ta sayar da tunkiyar da ta kiwata, sai ya karɓe da sunan rance, ba biya ba ranar biya. In ta kai kuka gida, a ce ta yi haƙuri, aure ibada ne.

Ƙwarai aure ibada ne, amma ibada tana da ƙa'ida. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu ke hukunci da ita, sadakin mace da gadonta da abin da ta nema da guminta mallakarta ne, aure ba ya mayar da su hannun miji. Ci da sutura da muhalli kuwa wajibinsa ne, ko da ta fi shi wadata. Lokacin da Hindu bint Utba ta kai kukan rowar mijinta Abu Sufyan, Manzon Allah (SAW) bai kore ta ba, izini ya ba ta ta ɗebi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Mijin da ya ƙi ciyarwa, alƙali na da ikon tilasta masa, in ya kafe a raba auren.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ta fara aiki a Abuja kafin jihohi irin su Kaduna su yi tasu, ta mayar da danne wa mutum dukiya ko tilasta masa dogaro da wani ya zama laifi, da hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce Naira 500,000 ba, ko duka biyun.

Ashe ke nan ba doka muka rasa ba, sani da ƙarfin hali muka rasa. Wajibi ne limamai su faɗi wannan a huɗuba, iyaye kuma su daina mayar da 'ya'yansu ɗaki ba tare da bin kadi ba. Taimakon da mace ta yi da yardarta alheri ne. Wanda aka karɓa da barazanar saki ƙwace ne. Allah ya ganar da mu.