A gwada tsayuwar yaro kafin a maida shi fage

Da zarar gero ya shiga rumbu, sai kiɗan kokowa ya tashi a karkarar Magarya da Dungas. Daga Bande zuwa Waca, daga Dogo-Dogo zuwa Malawa, samari na ɗaura ɗamara. Tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, burin ɗan kokowa shi ne takobi.

Amma akwai sakaci guda. In aka buga yaro da ƙasa ta kai, ko kawuna suka haɗu wajen ƙwallo, sai a zuba masa ruwa, a ce namiji ba ya raki. Alhali ƙwaƙwalwa na iya girgiza cikin ƙoƙon kai ba tare da jini ko suma ba. In aka sake bugu kafin ta warke, ciwon na daɗewa, wani lokaci har a rasa rai. Ga shi matasa sun fi manya jinkirin warkewa.

Likitocin wasanni na da gwajin da ba ya cin ko dala. Yaro zai tsaya ba takalmi, hannuwa a ƙugu, idanu rufe: ƙafafu haɗe, sannan kan ƙafa ɗaya, sannan ƙafa gaban ƙafa, kowace tsayuwa daƙiƙa 20. Ana ƙirga kuskure: buɗe ido, sakin ƙugu, tangaɗi. Yaron da ya tashi yana wasan langa, in ya kasa wannan, to akwai magana. Ya fi kyau a gwada kowa yana lafiya, a rubuta, domin a samu abin kwatantawa.

Sai dai cin gwajin ba shaidar lafiya ba ne, domin tsayuwa kan daidaita cikin kwana 3 zuwa 5, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta gama warkewa ba. Taron masana na Amsterdam a 2022 ya jaddada cewa wanda ake zaton ya bugu a kai ba ya komawa wasa a ranar. Mai amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci mai nauyi, sai asibiti nan take.

Ya kamata hukumomin Magarya da Dungas su sa ma'aikatan lafiya su koya wa alƙalan wasa da malaman makaranta wannan gwaji kafin kaka. Karo ɗaya da yaro ya rasa, baɗi yana iya rama shi. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da madadi.