An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A duk inda ake hira a ƙasar nan, daga teburin mai shayi har shafukan Facebook, Abuja ce abar zargi. Idan malami bai zo aji ba, a ce shugaban ƙasa ne. Idan mai naƙuda ta rasa ungozoma, shi ne dai. Ban zo wanke Abuja ba, laifinta ya ishe ta kaya. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne mun ɗora mata har da nauyin da tsarin mulki ya aza a wuyan wasu, su kuwa sun samu inuwa sun miƙe ƙafa. Firamaren unguwa, da asibitin sha-ka-tafi na ƙauye, da kotun majistare ko ta shari'a inda talaka ke kai ƙarar gado da iyakar gona, duk a hannun jiha da ƙananan hukumominta suke. Wanda aka ɗora wa sa ido a kansu kuwa shi ne ɗan majalisar dokokin jiha, mutumin da da yawanmu ba za mu iya kawo sunansa ba.

Mu ɗauki ilimi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin ɗari na babban asusun tarayya domin tallafa wa jihohi. Sharaɗin ɗaya ne: jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta, sannan ta karɓa. Shekara da shekaru hukumar UBEC tana kokawa cewa biliyoyin naira na jibge ba a ɗauka ba, saboda wasu gwamnoni sun ƙi kawo nasu kason. A daidai wannan lokaci yara na zaune a ƙasa, rufin kwano ya yaye, allo ya koɗe. Gwamnan da ya samu kuɗin gina gadar sama a tsakiyar birni ba zai ce mini ya rasa na ajin firamare ba. Gada ana ganin ta, ana yanka mata kyalle a gaban 'yan jarida. Yaron da ya iya karatu kuwa sai bayan shekara goma ake ganin amfaninsa, lokacin wa'adin mai girma ya ƙare.

Labarin lafiya bai sha bamban ba. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko. Amma ɗaukar ma'aikaciyar jinya, da biyan ta albashi, da tabbatar da ta kwana a bakin aiki, ba aikin minista ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Talaka ne ya biya wannan ƙarin da tsadar mota da ta masara, saboda haka yana da haƙƙin ya tambayi inda kuɗin ya shiga.

Wa zai yi tambayar a madadinsa? Tsarin mulkin 1999 bai bar wannan a duhu ba. Kasafin gwamna ba ya zama doka sai majalisa ta amince da shi. Sashe na 125 ya ce babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa mata rahotonsa, sashe na 128 ya ba ta ikon bincikar kowace ma'aikata, na 188 kuma ya ba ta ikon tsige gwamna. Ko alƙalin alƙalan jiha ba ya hawa kujera sai da yardarta. Wannan ƙarfi duka yana hannun mutum 24 zuwa 40 a kowace jiha. Sai ga shi kasafin ɗaruruwan biliyoyi yana shiga zaure ya fito cikin 'yan kwanaki ba wanda ya ɗaga gira, kamar an kai wa surukai gaisuwa.

Za a ce mini ai 'yan majalisar yaran gwamna ne, shi ya tsayar da su. Gaskiya ne, amma wa ya dangwala musu? Mu ne muka rungumi al'adar “sak”, muka mai da ƙuri'ar majalisa gyaran da ake ɗora wa mai sayen gwamna. Wanda ya shiga majalisa a rigar wani ya san wanda zai yi wa biyayya, kuma ba mu ba ne. Za a kuma ce yunwa ce ke sa a sayar da ƙuri'a kan taliya da sabulu. Ban raina yunwa ba. Amma mu da muka yi digiri, muke iya karanta kasafi, muke kwana muna musu kan siyasar Amurka, wace yunwa ce ta hana mu zuwa zauren jin ra'ayin jama'a?

Wasu sun sa rai kotu za ta yi mana aikin. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomin riƙo. Aka yi ta murna. Cikin 'yan watanni jihohi suka shirya zaɓe ta hannun hukumomin zaɓen da gwamnoni suka naɗa: a Kano jam'iyyar NNPP ta lashe kujeru 44 cif, a Kaduna APC ta kwashe 23 ba saura. Jam'iyyu biyu masu hamayya, hali ɗaya. Kantoma ya cire hular riƙo ya sa ta zaɓe, ya koma ofishinsa. Alƙali na iya fassara doka, amma ba zai bi gwamna gida ya tilasta masa jin kunya ba. Hasali ma haƙƙin ilimi da na lafiya suna Babi na Biyu na tsarin mulki, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da shi. Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ta majalisa da ta akwatin zaɓe.

Don haka buƙatata ƙarama ce, kuma ga tsararrakina nake miƙa ta. Kowace mazaɓa ta samu matasa goma da za su nemi kasafin jiharsu, su fitar da abin da aka rubuta wa makarantu da asibitocin yankinsu, su fassara shi da Hausa, su karanta a ƙofar masallaci, a coci, a gidan suna da tashar mota. Bayan wata shida su je su duba ko an aza tubali. In ba a aza ba, su gayyaci ɗan majalisarsu ya yi bayani a gaban jama'a, ranar kasuwa, ba a falonsa ba. In ya ƙi zuwa, sashe na 110 ya ba masu zaɓe damar yi masa kiranye, kuma sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar ake buƙata kafin hukumar INEC ta kira ƙuri'ar raba gardama.